Kar ka jira sai ka rame: yadda mai ƙiba zai fara motsa jiki kafin cuta ta kwantar da shi

Shekarar korona ni da yayana muka kamu a sati ɗaya. Ni kwana huɗu na yi da zazzaɓi da ciwon jiki na miƙe, shi kuwa sai da aka kwantar da shi aka sa masa oksijin, kuma abin da har yau ya ƙi fita a raina shi ne ranar da nas ta ce ya juya ya kwanta rub da ciki don huhunsa ya samu sarari, ya gwada ya kasa, tumbin ya tokare shi, ko minti biyu bai yi ba ya fara haki yana yi mana alama da hannu a juyo shi. Allah ya tashi kafaɗunsa, bayan kwana tara aka sallame shi. Ni ma fa ba siriri ba ne, bambancinmu kawai ni aikina na zirga-zirga ne, shi kuwa daga mota sai kujera, daga kujera sai gado. Labarin mutum biyu ba hujja ba ne, na sani, amma shi ya sa na zauna na karanta abin da masu bincike suka gano, kuma shi ya sa nake rubuta wannan.

Tun farko bari in faɗi abin da nake so ka riƙe: motsa jiki yana fara kare ka tun sikeli bai motsa ba. Da yawanmu muna fara tattaki don mu rame, sati uku mu hau sikeli mu ga kilo ɗaya ma bai tafi ba, sai mu ce aikin banza ne mu watsar, alhali a cikin jikin an riga an fara gyara.

Me ƙiba take yi wa mutum idan cuta ta shigo

Kitse ba kaya ba ne da aka jibge a jiki yana zaune shiru, musamman ma wanda ya taru can cikin ciki ya lulluɓe hanji da hanta. Wannan kitsen kullum yana sakin sinadaran da ke tayar da kumburi a jiki, ƙasa-ƙasa, ba ka ji ba ka gani, sai garkuwar jiki ta zama kamar mai gadin da aka hana barci shekara da shekaru, ranar da ɓarawon gaske ya zo ko dai ya makara ko ya rikice ya hau dukan kowa har da mutanen gida. Haka ake gani a asibiti, ƙwayar cutar ta samu lokaci ta yaɗu, daga baya kuma garkuwar ta yi zafin da ya wuce kima ta lalata huhu.

Sai maganar numfashi, wadda ita kowa zai iya ji a jikinsa. Akwai tantanin tsoka da ya raba ƙirji da ciki, shi ke sauka ƙasa duk sanda ka ja iska. In tumbi ya yi yawa yana turo shi sama, ƙasan huhun ba ya buɗewa sosai, balle ka kwanta rigingine. Lafiyarka ƙalau ba za ka damu ba sai dai haki wajen hawa bene ko ɗaure takalmi, amma ranar da namoniya ta cinye wani ɓangare na huhun, ɗan rarar da ya kamata ka dogara da ita babu. Ga kuma jinin mai ƙiba ya fi saurin daskarewa a jijiya, ga ciwon suga da hawan jini da yankewar numfashi a barci waɗanda sukan biyo ƙiba, kowanne da nasa nauyin da yake ɗora wa majinyaci.

Likitoci sun fara lura da abin sosai a 2009 lokacin murar aladu, da suka ga masu ƙiba sosai sun yi yawa a ɗakunan kulawa ta musamman. Da korona ta zo sai abin ya fito fili. A 2020 Farfesa Barry Popkin na Jami'ar North Carolina a Amurka da abokan aikinsa suka tattara bincike da dama suka duba, suka samu cewa mai ƙiba in ya kamu, haɗarin a kwantar da shi a asibiti ya fi ninki biyu, na shiga ɗakin kulawa ta musamman ya ƙaru da kashi 74 cikin 100, na mutuwa kuma da kashi 48. Kuma ba korona da mura kaɗai ba, har ciwon fata mai ruruwa a ƙafa da ruɓewar wurin da aka yi tiyata duk sun fi samun masu ƙiba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba, to ka ga ba maganar wasu tsiraru ake yi ba.

Fara da sanin inda kake

Kafin komai ka auna kanka sau ɗaya, ka rubuta, ka ajiye. Lissafin da ake kira BMI mai sauƙi ne, nauyinka a kilo ka raba shi da tsawonka a mita sau kansa. Misali mai kilo 92 da tsawon mita 1.70, zai ninka 1.70 sau 1.70 ya samu 2.89, ya raba 92 da shi, amsa ta kusa 32. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, 25 zuwa ƙasa da 30 nauyi ya fara yawa, 30 zuwa sama ƙiba ce, 40 kuwa ƙiba ce mai tsanani.

Sai dai ni gaskiya awon ƙugu ya fi min wannan lissafin, don BMI bai san bambancin tsoka da kitse ba, kuma bai san inda kitsen ya taru ba, akwai mutum hannu da ƙafa sirara amma ciki a gaba, shi ma yana cikin haɗari ko da lissafinsa ya nuna 24. Ka samo tef irin na awon ɗinki, ka tsaya tsaye, ka laluba ƙarshen haƙarƙarinka na ƙasa da saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef ɗin a tsakaninsu, ka fitar da numfashi yadda ka saba, kar ka shanye ciki don Allah, kanka kake aunawa ba wani ke kallo ba. Namiji in ya kai santimita 94 an fara shiga matsala, 102 haɗarin ya yi yawa. Mace 80 da 88. In ba ka da tef ma akwai dabara, ka yanki igiya daidai tsawonka daga ƙasa zuwa kai, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita. In bakunan sun haɗu madalla, in ba su haɗu ba to ƙugunka ya wuce rabin tsawonka, kuma gibin da ya rage tsakanin bakunan shi ne aikin da ke gabanka. Ka ajiye igiyar nan, duk wata ɗaya ka sake gwadawa, sau da yawa ita ke fara nuna canji kafin sikeli.

Yanzu motsin kansa

Binciken da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda Dakta Robert Sallis da abokansa suka fitar a 2021 daga asibitocin Kaiser Permanente a Kalifoniya. Dama can a asibitocin duk wanda ya je ganin likita ana tambayarsa minti nawa yake motsa jiki a sati ana rubutawa, sai suka duba mutum 48,440 da suka kamu da korona. Waɗanda ba sa motsi kwata-kwata, haɗarin kwanciyarsu a asibiti ya ninka na masu cika minti 150 a sati fiye da sau biyu, na mutuwa kuwa kusan sau biyu da rabi, kuma wannan bayan an cire tasirin shekaru da ƙiba da shan taba da sauran cututtuka daga lissafin. Ma'ana ko mutum biyu nauyinsu ɗaya ne, mai motsi ya fi tsira. Wani abin daɗin kuma, masu ɗan taɓawa waɗanda ba su cika 150 ɗin ba su ma sun fi masu zaman dirshan. Tun kafin nan a 2011 wani mai bincike, David Nieman, ya bibiyi mutum 1,002 tsawon sati 12, ya ga masu motsa jiki kwana biyar ko fiye a sati ranakun da suka yi da mura da tari sun ragu da kashi 43 cikin 100 in an kwatanta da masu yin kwana ɗaya ko ƙasa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk sanda ka yi tafiya da sauri jini ya ɗau gudu, ƙwayoyin garkuwar jiki masu farautar cuta sukan fito da yawa su shiga jini su zagaya sassan jiki, bayan 'yan awowi su lafa, gobe in ka sake fita su sake fitowa. Shi ya sa kullum kaɗan-kaɗan ya fi ka tara ka yi awa uku ranar hutu ka kwana biyar kana ɗingishi. Tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga jini, tana sakin sinadaran da ke kwantar da wancan kumburin, kuma kitsen cikin ciki yana daga cikin wanda ya fi saurin amsa motsi.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020 ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Matsakaici shi ne wanda numfashinka ya ɗagu, kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Mai ƙarfi shi ne wanda kalma uku huɗu sai ka tsaya jan iska. Wannan gwajin ya ishe ka, ba sai ka sayi agogon da ke ƙirga bugun zuciya ba.

Amma kar ka fara da 150, nan ne mutane ke karyewa. In ka shekara biyar ba ka yi tafiyar kirki ba, satin farko minti goma kawai, ka fita ka yi biyar ka juyo, kwana biyar a satin. Za ka ji kamar ya yi kaɗan, ka bar shi a hakan, don huhu da zuciya sun fi gwiwa da idon sawu saurin sabawa, kuma gwiwar mai nauyi in ta ji ciwo a sati na biyu shi kenan an koma kujera wata uku. Sati na biyu ka mai da shi goma sha biyar, na uku ashirin, in jiki ya yi tsami sosai ka maimaita satin da ya wuce ba laifi, cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu za ka tsinci kanka kana minti talatin kwana biyar, ka ga 150 ta cika ke nan. Kuma ba dole sai a haɗe ba, goma da safe, goma da rana, goma da dare duk lissafi ɗaya ne, ni na bayan cin abinci ma ya fi min, don yana hana suga hawa sosai.

Gudu kuwa ka ƙyale shi tukuna. Na ga masu nauyi da yawa sun fara da sassarfa a kan kwalta saboda zuciya ta ɗebe su, ba a sati biyu sai ciwon gwiwa ko na diddige. Tafiya da sauri ta wadatar, in gwiwa dama tana ciwo to keke ko iyo ko tafiya cikin ruwa sun fi, don ba sa ɗora wa gaɓa nauyin jiki. Takalmi mai taushin ƙasa wanda bai matse yatsu ba, wando mai santsi ko ɗan man shafawa a tsakanin cinyoyi saboda gugar fata (wannan ƙaramin abin ya hana mutane da yawa fita kuma kunya ba ta barin su faɗa), 'yar'uwa ke kuma ki nemi rigar mama mai riƙewa sosai, ruwa a hannu, in ana zafi a fita da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi. Wanda fita ke masa wuya, taka a tsaye cikin ɗaki kana ɗaga gwiwa, ko hawa da sauka a matakala ɗaya ta bene, duk motsi ne.

Masu ƙirga taku a waya, dubu goman nan da ake ta faɗa asalinta tallan wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a shekarun 1960. Babban binciken da aka fitar a 2022 ya nuna amfanin yana ta ƙaruwa har wajen taku dubu 6 zuwa 8 ga waɗanda suka kai shekara 60, dubu 8 zuwa 10 ga na ƙasa da haka. In yanzu dubu biyu kake yi, burinka dubu uku ne.

Atisayen tsoka shi mutane suka fi rainawa, alhali wanda cuta ta kwantar tsoka yake fara asara da sauri tun satin farko, yayana da ya fito daga asibiti tashi daga kujera sai ya dafa, to wanda ya shiga jinya da ajiyar tsoka ya fi saurin komawa kan ƙafarsa. Ba sai ka je gidan ɗaga ƙarfe ba. Zauna a kujera mai ƙwari ka miƙe ba tare da dafawa ba, sau takwas zuwa goma sha biyu. Dafa bango da tafin hannu biyu, ka karkata ƙirjinka ya kusa taɓa shi ka tura kanka baya. Ɗaga diddige ka tsaya kan yatsu ka sauko a hankali. Cika gora biyu da ruwa ka riƙa ɗagawa. Zagaye biyu, kwana biyu a sati, kar ka riƙe numfashi kana yi musamman in kana da hawan jini. Wanda ya haura 65 ya ƙara da koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango, saboda faɗuwa. Sannan dogon zama shi ma matsala ce mai zaman kanta, duk rabin awa ko awa ɗaya ka miƙe ko minti biyu ne, in an kira ka a waya ka amsa kana tafiya.

Akwai waɗanda ya kamata su ga likita kafin su fara: mai ciwon zuciya ko ƙoda, wanda ƙirjinsa ke ciwo ko ya taɓa suma wajen aikin ƙarfi, mai juna biyu, da mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin da kan faɗar da suga, shi wannan ya riƙe wani abu mai zaƙi a aljihu kuma ya duba tafin ƙafarsa bayan kowace tafiya ko akwai ƙuje ko bororo. Kowa kuma, in kana tafiya ka ji ƙirji ya danne kamar an ɗora dutse, ko ciwon ya sauka hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko zufa mai sanyi, ka tsaya nan take a kai ka asibiti.

To ramar fa? Tana da amfani sosai, amma motsi shi kaɗai ba kasafai yake sauke kilo da yawa ba, sai an taɓa abin da ake ci. Ba zan tsawaita a nan ba, abin sha mai sukari ka fara yankewa, ka rage girman kwano, ka ƙara ganye da abin da ke gina jiki, ka nemi barcin awa bakwai. Kuma ba sai ka koma jikin samartaka ba, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinka ya isa ya gyara suga da hawan jini, ga mai kilo 92 kilo biyar zuwa tara ke nan. Wani babban gwaji a Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna masu dab da kamuwa da ciwon suga da aka ɗora kan burin rage kashi 7 na nauyi da motsin minti 150, kamuwarsu ta ragu da kashi 58. Shayin rama da ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet kuwa ka nisance su, yawanci gudawa da fitsari suke sa ka, ruwa ne ke fita.

Rigakafi ma kar ka ce ai ina motsa jiki ba na buƙata. An ga cewa masu ƙiba da aka yi wa allurar mura sun fi marasa ƙiba kamuwa duk da allurar, kusan ninki biyu, wannan kuma dalili ne na ka haɗa biyun, allurar tana rage tsananin cutar, motsin yana taimaka wa jikin da zai yi aiki da ita.

Ranar da ka kamu

In ɗan yoyon hanci ne ko atishawa kawai, tafiya a hankali ba komai. In akwai zazzaɓi, ko ciwon jiki, ko tari daga ƙirji, ko gudawa, ka ajiye atisaye gaba ɗaya. Maganar a fita a yi gudu zufa ta fitar da cuta kuskure ne mai haɗari, wasu ƙwayoyin cutar kan taɓa tsokar zuciya, ka matsa mata a lokacin sai a samu matsala. Ka sha ruwa, ka huta, amma kar ka shafe yini a kwance rigingine, ka jingina da filo ko ka kwanta ta gefe, ka riƙa tashi kana ɗan zagaya ɗaki saboda daskarewar jini a ƙafa.

Mai ƙiba kuma kar ya yi irin jiran da siriri zai yi. Haki kana zaune, kasa gama magana sai ka ja numfashi, ruɗewa ko barcin da ake tashinka da ƙyar, yini guda ba fitsari, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, zazzaɓin da ya sauka ya dawo da ƙarfi, suga ya hau ya ƙi sauka, kowanne ɗaya daga ciki ya isa a tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. In kana da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini, 95 zuwa sama shi ne daidai, 93 ko 94 ka nemi likita, 92 zuwa ƙasa gaggawa ce, sai dai ka sani a jikin masu baƙar fata takan nuna lambar da ta ɗara gaskiya, don haka in tana cewa 96 kai kuma kana jin numfashi na gagararka, jikinka za ka bi. Mu kwana biyu muka ɓata muna cewa bari mu ga gobe kafin mu kai yayana.

Bayan an warke, ka bari zazzaɓi ya tafi da kansa ba don magani ba aƙalla kwana ɗaya cur, sannan ka koma da rabin abin da ka saba, ka ƙara a hankali cikin sati ɗaya zuwa biyu, in bugun zuciya ya rikice ko gajiya ta kwantar da kai washegari ka ja baya ka gaya wa likita. Wanda aka kwantar a asibiti ya tambayi likitansa kafin ya fara. Yayana daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida ya fara, yana dafa bango, minti uku, ina biye da shi da kujera a hannu. Yanzu minti arba'in yake yi da asuba, kilo shida kacal ya sauke a duk tsawon lokacin, igiyarsa kuma saura kamar faɗin yatsu huɗu bakunan su haɗu.